Mu Uku a Makka, Yakubu a Jidda

Tun da na dawo bakin aiki, da wuya rana ta wuce wani bai tare ni a farfajiyar gidan rediyonmu ya ce, "Habibu, wai da gaske guguwa ce ta kai ku Makka?" ba. Wasu da dariya suke tambaya, wasu kuma da 'yar hassada. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu tsakanin labaran rana da na yamma, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya. Abin da na gani zan ce na gani. Abin da aka gaya mini zan ce an gaya mini.

Mu huɗu aka tura daga tasharmu zuwa wata kwaleji a Salala, kudancin Oman, mu koyi fassara da tafintan labarai tsakanin Larabci da Ingilishi. Da ni, da Malam Tukur wanda ya girme mu duka kuma shi ne shugaban tafiya, da Hajara ta sashen shirye-shiryen mata, da Yakubu Dauda, abokin zamana a ɗakin labarai, mutumin Kaltungo, Kirista. Sharaɗin tallafin karatun a bayyane yake: shekara biyu cif, wanda bai kammala ba ya dawo haka nan, babu ƙarin lokaci. Saura mana zango ɗaya guguwar ta taso daga teku.

An yi ta gargaɗi ta waya kafin ta iso, aka kwashe mu zuwa wata makaranta a kan tudu. Kwana uku muka yi a can muna jin iska tana dukan tagogi. Da muka sauko, rufin ginin darussa ya tafi, littattafan ɗakin karatu sun kumbura da ruwa, ofishin rajista kuwa laka ta kai gwiwa a cikinsa. Babu wanda ya ji rauni a cikinmu, alhamdu lillahi. Bayan mako biyu aka tara mu aka ce kwalejin ba za ta buɗe ba a wannan zangon, amma wasu jami'o'i a ƙasashe maƙwabta sun yarda su karɓi ɗalibai na wucin gadi, su koyar da su, su yi musu jarrabawa, su aiko da sakamako. Baƙin ɗalibai na sashenmu an ba mu Saudiyya.

Yakubu ya je ya tambayi ma'aikacin da ke haɗa takardu wane gari za a kai mu. Mutumin yana zaune da jerin sunaye da aka rubuta da hannu, domin kwamfutocinsu duk sun mutu. Bai ɗago kai ba ya ce, "Yankin Makka." Yankin Makka kuwa babba ne, Jidda tana ciki, Ɗa'if tana ciki. Yakubu ya ɗauka Jidda ce, ya koma ya haɗa kayansa.

Na san mai karatu ya riga ya hango matsalar. Mu ba mu hango ta ba, kuma wannan shi ne abin da har yanzu nake jin kunyarsa. Azumi biyu Yakubu ya yi tare da mu bai taɓa cin abinci a gabanmu da rana ba. Shi ke buga mana ƙofa da asuba don barcinsa ba shi da nauyi. Ya fi Malam Tukur yawan cewa "in sha Allahu". Mun saba da shi har mun manta. Muna jin kalmar Makka, babu abin da ya zo mana a rai sai Umara.

Bas guda aka ba mu, mu da wasu ɗalibai 'yan Indunusiya da Somaliya da Tanzaniya. Direbanmu Basudane ne, sunansa Siddiƙ, mutum mai son shayi da gardama. Hanyar ta bi arewa ta tsakiyar Oman, sannan ta juya ta shiga sahara zuwa iyakar Saudiyya. Ba ni da abin faɗi a kan saharar. Yashi ne, da kwalta mai kyau, da gidan mai da sai an daɗe kafin a ga wani. A gida in mota ta tsaya, kafin ka sauko masu ƙwai da masu rake sun kewaye ka. A can in ta tsaya, shiru ne ke tarbar ka.

A kan iyaka muka sha jira. Na'urar ɗaukar hoton yatsu ta ƙi karɓar na Malam Tukur. Jami'in ya ce ya goga yatsunsa a goshi don su ɗan yi maiƙo. Malam ya goga, ta ƙi. Ya sake gogawa, ta ƙi.

Hajara ta ce, "Malam, ko goshin ma ya bushe ne? A ara maka na Habibu, ga shi nan yana ƙyalli."

Sai a karo na biyar ta karɓa. Daga nan aka zo kan jakar Hajara. Jami'in kwastan ya buɗe wani ƙulli da aka aiko mata daga gida, ya kai hanci, ya ja da baya da sauri yana tambayar mene ne wannan. Daddawa ce. Larabcin Hajara ya gudu, nawa ma bai zo ba. Yakubu ne ya matso ya yi bayani cikin natsuwa, cewa 'ya'yan itace ne ake dafawa a bar su su ruɓa kaɗan, a sa a miya. Jami'in ya ce, "Kaɗan?" Ya ɗaure ƙullin da kansa ya miƙa mata, ya roƙe ta kada ta sake buɗewa sai ta isa inda za ta. Da aka gama, aka miƙo fasfo ɗinmu da takardun shiga a dunƙule, Malam Tukur ya zuba su a jakarsa ya zuge. Babu wanda ya duba nasa.

Washegari da rana muka ci abincin farko na kirki a wani gidan abinci bayan Riyad. Shinkafa da naman rago a faranti guda babba, a ƙasa a kan leda, mutum biyar-biyar. Wannan bai zama mana baƙo ba. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yawan abin da ake bari a farantin a tashi. Malam Tukur ya dube shi ya ce a gidansu wannan ragowar sai ta ciyar da maƙwabta biyu.

Mun kwana a wani masauki a hanya, muka wayi gari muka doshi Ɗa'if. Da hantsi Siddiƙ ya kauce ya tsaya a miƙatin Sailu, inda masu zuwa daga gabas ke ɗaukar harami, ya ce kowa ya sauka ya yi wanka ya shirya, daga nan sai Makka. Bas ta kaure da kabbara. Malam Tukur ya riga kowa sauka. Bai daɗe ba ya dawo rungume da harami guda uku a cikin leda, ya miƙa mini ɗaya, ya ajiye nasa, ya miƙa wa Yakubu na ukun.

Yakubu bai karɓa ba. Ya dubi ledar, ya dubi Malam, ya ce, "Malam, ba ni takardata in gani."

Hannun Malam Tukur yana miƙe har lokacin. Na ga sa'ad da abin ya faɗo masa. Ya ce, "Inna lillahi." Ya ajiye haramin a kujera ya zuge jaka.

Takardar ta ce birnin Makka. A gurbin addini kuma an rubuta Musulmi. Ma'aikacin Salala ya ga Yakubu ɗan Dauda, ya cika gurbin da abin da kowane Balarabe zai cika. Kilomita kaɗan a gabanmu akwai shingen bincike, da allon da ke raba hanya biyu, ɗaya ta Musulmi zuwa Makka, ɗaya ta waɗanda ba Musulmi ba, mai zagayawa ta fita Jidda.

Siddiƙ ya zo ya leƙa takardar, ya rage murya ya ce, "Ya ustaz, mene ne abin damuwa? Takarda ta ce Musulmi. Ka ɗaura wannan ka zauna a tsakiya ka yi shiru. Wata huɗu ne kawai, wa zai tambaye ka?"

Zan faɗi gaskiya, ni ma tunanin ya zo mini. Na san abin da shekara biyun nan suka ci wa Yakubu. Matarsa ta haihu yana Salala, bai ga 'yar ba sai a waya. In ya rasa zangon nan, ya koma gida hannu rabbana. Malam Tukur bai ce a yi ba, bai ce kada a yi ba, ya dai sunkuyar da kai.

Yakubu ya ce, "Na gode, Siddiƙ. Amma wurin nan naku ne, kuma na san girmansa a wurinku. Ba zan shige shi da ƙarya ba. In na yi haka, da wane ido zan riƙa kallon Malam a ofis?" Ya tashi ya sauko da jakarsa daga saman kujera.

Muka tsaya a gefen bas mu huɗu muna magana sama-sama, kowa yana kawo shawarar da ba ta da kai. Hajara tana cewa mu koma iyaka gaba ɗaya. Muna cikin haka sai muka ji an ce daga bayanmu, "Assalamu alaikum, ya jama'a. Mi ya faru? Tun ɗazu nike jin Hausa tana tashi kamar ana rabon gado."

Wani dattijo ne siriri, da farar jallabiya da hula, yana jingine da wata tsohuwar mota. Ya ce sunansa Haruna, amma kowa Ammu Haruna yake ce masa, wato Baffa Haruna. A unguwar Hindawiyya ta Makka aka haife shi. Mahaifinsa ya taso daga ƙasar Sakkwato a ƙafa, ya yi aikin Hajji ya zauna. Shi kuma yana ɗaukar fasinja tsakanin Makka da Ɗa'if da Jidda. Hausarsa ta Sakkwato ce tsaf, sai dai kowace jimla da Larabci a maƙale a jikinta.

Malam Tukur ya yi masa bayani. Ammu Haruna ya dubi Yakubu daga sama har ƙasa.

"Kai da kanka ka ce ba ka shiga?"

"Ni na ce, Baba."

"Tayyib. Ɗauko jakarka. Ƙanwata na nan Jidda, mijinta tela ne, suna da ɗaki bisa soro. Ku kuma ku tai ku yi Umararku, kun tsai da bayin Allah cikin rana."

Na ce, "Ammu, ba ka san mu ba fa."

Ya ce, "Wa ya san ubana sa'ad da ya iso nan?"

Haka muka rabu. Muka ɗaura harami, na ukun yana kan kujerar Yakubu har muka isa. Na yi ɗawafi da yamma, na ga Ka'aba da idona karo na farko, kuma ba zan iya kwatanta wannan ba, don haka ba zan gwada ba. Na dai san cikin abin da na roƙa har da mafita ga wanda muka baro a hanya.

An sauke mu ni da Malam Tukur a wani bene da jami'ar ta kama wa baƙin ɗalibai a Ka'akiyya, can gefen gari. Hajara kuwa an kai ta masaukin mata. Ɗakinmu yana da tsabta, na'urar sanyaya ɗaki kuwa ba ta san sassauci ba, har Malam ya kwana biyu yana tari. Da safe wake da gurasa mai zafi da ake kira tamis, a shagon wani Ba'afgane a ƙasan benen. Mutanen jami'ar sun karɓe mu da mutunci. Sun ba mu littattafai, sun haɗa mu da ɗaliban gida, kuma duk wanda ya ji cewa mu ne 'yan guguwa sai ya dafa kafaɗarmu ya yi mana addu'a.

Maganar Yakubu ce ta ƙi motsi. Na bi tagogin ofisoshi ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya saurare ni da kyau, kowa ya ce Yakubu ya yi abin da ya dace, kowa kuma ya ce ba a hannunsa abin yake ba. Sunansa yana cikin rajistar Makka, jami'o'in Jidda sun rufe karɓa, kuma babu wanda ke koyar da darasinmu a can. Ga kuma doka: wanda ya rasa kashi ɗaya cikin huɗu na darussa ba zai zauna jarrabawa ba. Ina tura wa Yakubu abin da aka koyar kullum, amma wannan ba ya sa a rubuta ya halarta. Mako na biyu ya ƙare, na uku ya kama. A lissafina, in aka shiga na biyar, shi ke nan.

Gyaran takardar shigarsa bai ba da wahala haka ba. Ammu Haruna ya haɗa shi da wani mu'aƙƙib, wato mai bin takardun mutane ofis-ofis, sana'a ce sosai a can. Cikin 'yan kwanaki aka gyara gurbin addini. A gida ma haka muke yi, sai dai mu ba mu ba aikin suna ba.

Ranar Juma'a Ammu Haruna kan ɗauke mu zuwa gidansa a Hindawiyya. Lunguna ne matsattsu, da ƙananan shaguna, da tasi ko'ina. Kana tafiya sai ka ji wata tsohuwa tana yi wa jikarta faɗa da Hausar Damagaram, jikar tana mayar mata da Larabci. Ana gasa tsire a bakin hanya, Larabawa suna layi. 'Ya'yan Ammu mata suna jin Hausa sarai, amma in ka tambaye su da ita da Larabci za su amsa. Matarsa ta yi mana tuwon shinkafa da miyar kuka, daddawar Hajara ta samu inda ake girmama ta.

A Juma'a ta uku ne, muna cin abinci, Hajara ta shiga ƙorafi daga inda take zaune da matan gida a bakin ƙofar falo. Darasi ɗaya muke ɗauka da ita wurin malami ɗaya, wani dattijo da ake kira Duktur Usama, amma ita tana sashen mata, a wata haraba dabam.

Ta ce, "Ni fa tun da na zo ban taɓa ganin Duktur ɗin nan ido da ido ba. A allon bango muke ganinsa. Yana can wurinku yana magana, mu muna nan da makirufo, in kana da tambaya ka danna. Ko a Kaduna yake zaune, duk ɗaya ne a wurina."

Ta kai loma baki, ta tsaya.

"Kai, Habibu!"

"Na'am?"

"To Yakubu fa? In ana koya mini ta allo, me zai hana a koya masa?"

Malam Tukur ya ce, "Wannan layin na mata ne, Hajara."

Ta ce, "Layi ne, Malam. Waya ba ta san mace ba."

Ammu Haruna ya yi dariya har ya ƙware, ya ce wallahi in an yi haka shi zai saya wa Yakubu mayafi.

Ranar Lahadi, wadda ita ce farkon mako a can, na tare Duktur Usama bayan darasi. Mutum ne mai magana a hankali, ba ya son a zagaya masa. Na ba shi labarin cikin jimla biyar, kamar kanun labarai. Ya ce shi ba shi da matsala, amma jerin masu shiga wannan layin ba nasa ba ne, na shugabar sashen mata ne, Duktura Huda. Ya kira ta a gabana ya sa wayar a bayyane. Duktura Huda ta yi tambayoyi da yawa. Da ta ji abin da ya faru a miƙati sai ta ce a ba ta kwana ɗaya, za ta tambayi ɗalibanta, domin ajinsu ne.

An gaya mini cewa da ta tambaye su, wata ɗaliba 'yar Makka ta ce mutumin da ya tsaya a bakin ƙofa don girmama su bai kamata ya rasa karatu saboda haka ba. Wasu biyu ba su so ba. Aka daidaita a kan sharaɗi: Yakubu zai ga malami kawai, ba zai ga ajin mata ba, kuma ba zai yi magana ba sai an kira sunansa. Aka rubuta shi a ƙarshen jerin, bayan mata ashirin da wani abu.

Hajara ta ce ranar farko mai kula da ajin tana kiran suna, Nura, Safiyya, Hajara, ana amsawa da ƙananan muryoyi, sai ta ce, "Ya'aƙub Dawud." Daga lasifika wata murya kamar ta gangar tauri ta ce, "Ina nan." Ajin ya fashe da dariya, har Duktur Usama a wurinmu ya cire tabarau yana share ido. Tun daga ranar Hajara ba ta kiransa sai da "'yar ajinmu".

Sau biyu na je Jidda na gan shi. Ɗakin soron ƙarami ne, da tabarma da fanka da tebur ɗin da mijin Khala Zainabu, ƙanwar Ammu, ya cire wa keken ɗinki ya ba shi. Khala ta hana kowa hawa soron in ana darasi. Yakubu ya gaya mini cewa wata maƙwabciya ta taɓa tambayarta yaya za ta ajiye wanda ba Musulmi ba a gidanta. Khala ta ce mata, "Baƙon yayana ne, kuma ya fi 'ya'yanki gaishe ni." Ya yi ƙiba a gidan nan, na gaya masa. Ya ce in gwada ce wa Khala na ƙoshi in gani.

Da zango ya zo ƙarshe, rubutacciyar jarrabawa ba ta zama matsala ba, an ba shi kujera a wata cibiyar jarrabawa a Jidda. Ta baka ce ta tsaya mana a wuya. Ita ce rabin maki: a kunna maka labari da Larabci, ka mayar da shi Ingilishi nan take. Doka ta ce dole ɗalibi ya zauna gaban malami da jikinsa, kuma malamai biyu ne za su ba da maki. Malami na biyu ya ce ba zai iya barin gari a makon jarrabawa ba. Duktur Usama kansa yana da wata jarrabawar da rana, ba zai iya zuwa Jidda ya dawo ba.

Shi ya kawo mafitar. Ya ce a haɗu a tsakiya. A kan babbar hanyar Jidda, kafin shingen Shumaisi, akwai gidajen abinci na matafiya, a wajen iyakar Harami. Duktura Huda kuma ta yarda ta zama malama ta biyu, ta saurara ta waya.

Ammu Haruna ya ɗauke mu da safe, ni da Duktur, ni a matsayin mai riƙe na'ura. Mun tarar da Yakubu ya riga mu, mijin Khala ya kawo shi, yana sanye da sabuwar riga da aka ɗinka masa a gidan. Mai gidan abincin ya ba mu wani ɗan keɓaɓɓen wuri mai labule. Muka zauna a kan kafet. Duktur ya jingina wayarsa da kwalbar ruwa, Duktura ta yi sallama daga ciki.

Na kunna labarin farko. A daidai lokacin wasu manyan motoci suka tsaya a waje, injinansu na ruri. Muryar na'urar ta nutse. Yakubu ya kama farkon jimla, ya rasa tsakiyarta, ya tsaya. Ya sake farawa, ya sake tsayawa. Na ga gumi a goshinsa. Duktura ta ce ita ma ba ta jin komai.

Duktur ya ce in kashe. Ya zaro takardar da labarin ke rubuce a kai, ya miƙo mini. "An ce kai mai karanta labarai ne. Karanta."

Na karɓa na fara. Ban yi jimla biyu ba Duktur ya ɗaga hannu.

"Ya Habib, haka kake karantawa a gidan rediyonku?"

Na ce a'a.

"To kada ka taimake shi. Ba ya bukata, kuma in ka ja masa kalmomi ba zan iya ba shi maki ba. Karanta da saurin da ka saba."

Na dubi Yakubu. Ya gyaɗa mini kai. Na gyara zama, na ɗauki numfashi, na karanta kamar jar fitila ta kama a ɗakin watsa labarai. Labari ne a kan taron ministocin noma da farashin alkama. Ina kai aya, yana ɗauka. Shekara shida muna zaune tebur ɗaya, ya san inda nake numfasawa. Ya yi tuntuɓe sau ɗaya a kan sunan wata hukuma, ya gyara da kansa, ya wuce. Muka yi labari na biyu, muka yi na uku, motocin suna ta ruri, babu wanda ya ƙara jin su.

Da na ajiye takardar, Duktur ya rubuta wani abu bai nuna ba. Ya ce, "Duktura?"

Ta faɗi makinta. Ya dubi nasa, ya ce bambancinsu ɗaya ne tak. Ya sa hannu, ya rufe fayil, ya ce, "Ka ci, ya Ya'aƙub. Ka ci da kyau."

Yakubu ya sa fuskarsa cikin tafin hannuwansa, ya daɗe a haka. Ammu Haruna, wanda ashe yana bayan labule tun farko, ya leƙo ya ce, "Khalas? An gama? To ku matsa, shinkafa tana hucewa."

Mun ci tare, mu biyar, a faranti ɗaya, kuma wannan karon ba a bar komai ba. Sakamakon ya bi mu Salala bayan an gyara kwalejin, muka karɓi takardunmu mu huɗu, muka dawo gida mu huɗu. Ina godiya ga Allah, da mutanen Hindawiyya, da matan ajin nan da ban taɓa ganin fuskarsu ba.

Amma abin da ya fi zauna mini shi ne rabuwarmu a ranar. Motoci biyu suna tsaye a bakin hanya, ɗaya ta fuskanci Makka, ɗaya ta fuskanci Jidda. Duktur Usama ya riga ya buɗe ƙofa, sai ya dawo ya kama hannun Yakubu da hannu biyu.

Ya ce, "Wata huɗu kana ɗalibina, ban iya karɓarka a gidana ko sau ɗaya ba. Ka yi mini afuwa."

Yakubu ya ce, "Duktur, ai kai ka fito ka same ni."